Tambayoyi da amsoshi: yadda ake koyon aikin ba matasa shawarar karatu da sana'a a Damagaram

Tun da aka san ina zama da yara muna maganar abin da za su yi bayan birbe da bak, tambayoyi ba su ƙarewa. Wani a fada, wani bakin masallaci bayan la'asar, wani kuma sai ya turo murya ta WhatsApp mai tsawon minti bakwai. Yawanci malamai ƴan kwantaragi ne ƴan uwana, sai ɗaliban jami'a, sai masu sabis sibik da aka tura lakwal aka ce su kula da yara. Na tattaro waɗanda aka fi maimaita mini, na amsa iya abin da na taɓa da hannuna.

Mushe, wai shi wannan aikin oriyantasiyo mene ne takamaimai? Ba cike takarda ba ne ƙarshen shekara?

Cike takardar yana ciki, amma shi ne wutsiyar aikin. Kafin yaro ya rubuta zaɓinsa ya kamata a ce ya san abu uku: shi wane ne, me ke akwai a waje, sannan ta ina biyun nan suke haɗuwa. Wannan tsarin ba nawa ba ne, wani Ba'amurke ne mai suna Frank Parsons da ya buɗe ofishin ba da shawarar sana'a a Boston a 1908 ya jera shi haka, kuma har yau duk wani kwas da za ka shiga a kansa ake kewayawa. Mu nan matsalarmu ta biyun ce. Muna iya zaunar da yaro mu yi ta yi mishi wa'azi, amma ka tambaye mu shekara nawa aparanti ke yi kafin ya buɗe garejinsa, ko nawa ake sayen injin suda, sai mu fara kallon sama.

Sai ina da diplom ɗin fannin zan iya farawa?

Idan buro kake so a ba ka da kujera da albashi, eh takarda za a tambaye ka, kuma wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam ko ilimin koyarwa ko na zamantakewa ya fi kusa. Amma hannu ba a aji ake samun shi ba. Ka fara da ƙananan ayyuka da ƙafarka, takarda ta tarar da kai a hanya.

To da wane aiki zan fara?

Sayi kaye mai shafi 200 da bik biyu. Aikinka na farko shi ne kayen sana'o'i: ka zaɓi sana'a goma da ake ci da su a cikin garin nan, kowace ka je ka zauna da mai ita aƙalla wuni guda, ba tsayuwar minti goma ba. Mai suda, makanikin moto, tela, mai gyaran salula a wajen Kasuwar Dole, mai haɗa panno da batir, mai gyaran firigo, baduku, majemi, mai kilishi, in kana da kuɗin mai ka leƙa lambunan Mirriya tunda kilomita 18 ne kawai. Ka haɗa da masu aikin takarda su ma, malamin asibiti, mai awon jini, sakatariya, malamin gona.

Me ya sa na ce wuni? Saboda abin da yaro yake buƙatar ji ba ya fitowa a gaisuwa. Na taɓa wuni a rumfar wani mai suda, da safe ya yi ta ba ni labari mai daɗi, ƙofa kaza ya yi, gado kaza ya haɗa. Wajen sha ɗaya kuran ya ɗauke, kowa ya ajiye ƙarfe, aka ɗora shayi, muka zauna har azahar babu abin da aka tsinana, mai ƙofar ya zo ya yi faɗa ya tafi. A wannan zaman ne ƙaramin aparantin, yaro da bai wuce sha huɗu ba, ya ce mini wata biyar ke nan bai taɓa riƙe kan injin ba, aikinsa shara, shafa fentin hana tsatsa, riƙe ƙarfe a yanka, da aike. Babban kuma ya ce daren da ka yi suda ba tabarau idonka kamar an zuba yashi, barci sai dai ka ji ana yi. Wannan duk na rubuta. Yanzu in yaro ya ce mini suda yake so, ba na ce mishi "Allah ya sa albarka" kawai, ina gaya mishi maganar sharar da maganar idon, in ya ce har yanzu yana so to na san da gaske yake.

Abin da za ka tabbatar ka cike a kowane shafi: ta wace ƙofa ake shiga sana'ar, tsawon koyo, kayan da mutum zai mallaka kafin ya tsaya da ƙafarsa da kuɗinsu a ranar da ka tambaya, wane wata kasuwa ke buɗewa wane wata take mutuwa, da cutar da sana'ar ke yi ma jiki. Tela kafin salla ba shi da lokacin amsa sallama, bayan salla kuwa ƙuda yake kora, wannan ma darasi ne. Ka sa kwanan wata a jikin kowane farashi, don kayan da ake kawowa daga Kano suna bin canjin naira, abin da ka rubuta bara ba shi ne bana ba.

Ba za su kore ni ba? Mutum da kaye da bik ai ɗauka za a yi ɗan patanti ne.

Za su ɗauka kuwa, ni an taɓa ɓoye mini injin ɗinki biyu a bayan labule kafin in gama sallama. Kar ka je kai tsaye. Ka nemi wanda ya san mai wurin ya gabatar da kai, ko ka bi ta shugaban ƴan sana'ar, a Birni da Zango kusan kowace sana'a tana da dattijon da ake jin maganarsa. Ranar farko bar kayen a aljihu, ka sha shayi, ka kama musu ɗan aiki, in ka koma gida ka rubuta. Kuma kar ka taɓa tambayar mutum "nawa kake samu", ba mai gaya maka, wani ma zai ga kamar baki kake son yi mishi. Ka ce "Baba, yaron da ya fito daga hannunka ya buɗe nashi, a wata mai kyau yana iya riƙe gida?" Daga nan magana za ta zo da kanta.

Ɓangaren karatu fa? Ni kaina ban gane hanyoyin ba sosai.

Wannan shi ne aiki na biyu, zanen hanyoyi. Nemi babbar takarda ka zana shi kamar itace. Gindi firamare, CI zuwa CM2. Sai kwaleji shekara 4, siziyam zuwa tarwaziyam, a ƙarshe BEPC, wato birbe. Daga nan reshe ya rabu: lise shekara 3 da ake farawa da sagwand A ko C a ƙare da bak A, C ko D, ga faranko-arab, ga kuma reshen fasaha da koyon sana'a da mutane ke mantawa da shi, wato su CFM da CET da CFPT da lise teknik, inda ake fita da takardu irin su CAP da BEP da bak na fasaha. Bayan bak ka zana Jami'ar André Salifou ta nan Zinder da aka kafa a 2010 tare da IUT ɗinta, wato sashenta na koyon fasaha, ka sa Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ta Tawa, ta Agadas, ta Difa, Jami'ar Musulunci ta Sayi, makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu, IPDR ta Kollo ga mai son aikin gona da kiwo, ENSP ga masu son aikin asibiti, da makarantar horon malamai. Ka ƙara ANAB a gefe don maganar bursu.

Zanen ba shi ne wahalar ba, cike rassan ne. Kowane reshe sai ka taka ka je ka tambaya da bakinka: da wace takarda ake shiga, akwai konkur ko dosiye kawai ake ajiyewa, akwai iyakar shekaru, yaushe ake buɗe rajista. Waɗannan sharuɗɗan suna canzawa, shi ya sa ba zan jera su nan ba, kai ma kar ka dogara da abin da aka gaya maka shekara uku baya. Ka je bakin makarantar ka karanta sanarwar da aka liƙa, ka ɗauki hotonta da salula. Yaro ɗaya da ya rasa konkur don kai ka ba shi ranar da ba daidai ba ya isa ya ɓata maka suna a unguwa gaba ɗaya.

Wani abu da zanen nan ke koya ma mutum: nisa ma sharaɗi ne. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan. Ka ce ma yarinya ta tafi can karatu ba ka tambayi wa za ta sauka wurinsa ba, ai ba ka ce komai ba.

Yaya ake koyon zama da yaro ɗin kansa? Ni da na fara magana ba na iya tsayawa.

Ciwon duk wanda ya taɓa riƙe alli ke nan, ni ma ina fama. Maganin da na sani shi ne gwaji na mutum uku. Ku samu ku uku, ɗaya ya zama mai ba da shawara, ɗaya ya zama yaro da labarinsa, na uku ya zauna gefe da agogo ba ya cewa uffan, aikinsa ya lissafa minti nawa kowa ya yi yana magana da sau nawa ka katse yaron. Minti goma sha biyar sai a juya. Da izinin abokanka ka ɗauki muryar, da dare ka saurari kanka. Wallahi ranar farko kunya za ta kama ka.

Abin da ya sa na dage kan wannan, kuskure ne da na yi da kaina. Wani yaro ɗan tarwaziyam, lissafi kamar ruwa, na zaunar da shi na yi ta zuba, sagwand C, bak C, injiniya, har ina zana mishi a ƙasa da tsinke. Duk abin da ya ce a zaman nan "to Mushe" ne, ya faɗa ya fi sau goma. Ya ci birbe, aka tura shi lise, kafin hutun farko ya daina zuwa. Ashe mahaifinsa na kwance, shi ne babba, gidan ba ya iya jiran shekara takwas. Da na yi shiru na minti biyu na ce "gida fa, ya ake ciki?" da mun nemi hanya gajera wadda zai riƙa samun na cefane kuma ƙwaƙwalwar ba ta tafi a banza ba. Daga baya na gan shi kan rufin wani gida yana ɗaura panno, ya sauko ya gaishe ni da ladabi, ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Tun daga nan "to Mushe" ba amsa ba ce a wurina. Yaranmu an tarbiyyantar da su kar su yi musu da babba, don haka tambayar da amsarta eh ko a'a ce ba ta fito da komai. Ka ce "ba ni labarin ranar da ka yi wani aiki har ka manta da abinci", ko "in kuran ya lalace a gidanku wa ake kira", ko "wane aiki ne in an sa ka kake jin kamar ka gudu". Sannan ka yi haƙuri da shirun da zai biyo baya, kar ka cike shi.

Gwaje-gwajen nan na intanet da ke gaya ma mutum sana'ar da ta dace da shi, ana iya aiki da su?

Yawancinsu a kan tsarin John Holland aka gina su, wanda ya fito da shi a 1959 ya kasa sha'awar mutane gida shida: mai son aikin hannu da inji, mai son bincike, mai son ƙirƙira da zane, mai son taimakon mutane, mai son jagoranci da ciniki, da mai son tsari da lissafin takardu. Rabon yana da amfani don buɗe hira. Amma tambayoyin ciki an rubuta su ne don yaran Amurka da Faransa, za ka ga ana tambayar yaron Garin Malam ko yana son aikin da bai taɓa jin sunansa ba. Ga aiki mai kyau a nan: ka ɗauki gidajen shida ka rubuta ma kowane misali biyar da Hausa daga rayuwarmu, kwance injin moto, rubuta lissafin adashi, sasanta rigima a fada, zanen lalle, tallan kaya, jinyar mara lafiya. Ka gwada a kan mutum ashirin ka ga waɗanne ne ba a ganewa ka gyara. Sakamakon dai kar ka miƙa ma yaro shi kamar takardar likita.

Idan uba ya ce sai likita, yaro kuma mwayen ɗinsa ba ta kai ba?

Kar ka shiga tsakanin ɗa da uba, ba za ka ci riba ba. Ka je gida da kanka, ka gaisa yadda ya kamata, ka fara da yabon abin da yaron ya iya. Sannan ka shimfiɗa zanenka a tabarma ka ce "Alhaji, ga hanyar likita, ga abin da take nema, ga shekarunta. Ga kuma waɗansu ƙofofin na asibitin." Dattijo in ya ga abu da idonsa ya fi saurin saukowa a kan a ce mishi ɗanka ba zai iya ba. Kuma kar ka manta da uwa, sau da yawa ita ke biyan kuɗin kaye da na kabu-kabu daga ƙuli-ƙulinta, amma ba a kiran ta taron.

Yaya, ni mace ce, zan iya yawon garejin nan da rumfuna?

Za ki iya, ku tafi ku biyu, kuma akwai ƙofar da ke kaɗai za ki iya shiga, mu sai dai mu tsaya a zaure. Sana'o'in cikin gida, alkaki, man gyaɗa, ɗinki, saƙa, kitso, turaren wuta, kiwon awaki, babu wanda ya rubuta yadda ake shigarsu da jarin da suke ci. Ki yi kayenki a kansu. Sannan ki nemo mata biyu ko uku da suka yi aure kuma suka ƙarasa karatu ko suka riƙe aiki, ki ji yadda suka yi da miji da goyo da uwar miji, don tambayar da ƴan matan tarwaziyam ke ɓoyewa ke nan, ba maganar seri A ko C ba.

Kowane yaro SORAZ yake so, ko kuma ya ce shi Libiya zai tafi. Me zan ce?

SORAZ, wato matatar man fetur ta Zinder, tana nan tun 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, amma matata guda ba ta ɗauke samarin jiha guda. Kar ka kashe mishi gwiwa, ka mayar da burin tambaya: wane aiki a ciki? Wutar lantarki, suda, awon sinadarai, tuƙin babbar mota, lissafin kuɗi? Da ya zaɓa sai ka nuna mishi cewa wannan hannun ko ba a can ba yana da kasuwa.

Maganar Libiya da Aljeriya kuwa wa'azi ba ya hana ta, mu da muke ganin motocin Agadas kullum mun sani. Abin da ya fi shi ne ka haɗa shi da wanda ya je ya dawo, su zauna ba tare da kai ba. Wani ya fasa, wani ya tafi duk da haka, amma ko ba komai ka ce ya koyi sana'a ɗaya kafin ya hau mota.

Ina son in shirya ranar sana'o'i a makarantarmu. Shawara?

Ka yi ta ƙarama. Aji ɗaya, baƙi huɗu, awa biyu, da izinin darakta da sanin kwamitin iyaye. Karon farko da na shirya na gayyato wani babban ma'aikaci, ya zo a makare, ya riƙe magana kusan awa guda da Faransanci mai nauyi, yara na hamma, rana ta take. Wanda ya ceci taron wani saurayi ne mai gyaran salula da na sa a ƙarshe don cike gurbi, ya kwance wata matacciyar waya a kan tebur ya ce wa zai nuna mini batir, sai ga yara sun yi caa a kansa har da waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba. Don haka sharaɗina yanzu, duk baƙo ya zo da kayan aikinsa a hannu, ya yi Hausa, minti goma, sauran lokacin na tambayoyin yara ne. Ka sa su rubuta tambayoyin a ƴar takarda tun jajibiri ba suna, nan za ka ga abin da ke ransu. Ruwan sha kuma ka tanada tun da wuri, ka san halin garinmu da ruwa.

Waɗanda ba su yi boko ba fa, ko suka fita tun firamare?

Su ne suka fi yawa a fadodi, kuma su ne ba mai zama da su. Almajirin da ya sauke ko ya yi nisa a allo yana da haƙurin zama da ƙarfin hadda da ɗan lise da yawa ba shi da su. Ka je CFM mafi kusa da kai ka ji sana'o'in da suke koyarwa da wanda suke karɓa, ka bi sanarwar FAFPA don ita ke tallafa ma horon sana'a da na aparanti, ka san inda ofishin ANPE, hukumar da ke kula da masu neman aiki, yake da abin da ake kai musu. Ka gwada raka mutum ɗaya tun daga neman takardar haihuwa har ranar da ya fara, a nan za ka gane cewa abin da ke tsayar da yawancinsu ba rashin so ba ne, takardar haihuwar ce babu.

Rubuta CV da dimand yana cikin aikin?

Yana ciki. Ka rubuta ma mutum biyar kyauta, shafi ɗaya kowane, ba ƙarya a ciki, sannan ka kai ma wani da ya taɓa ɗaukar ma'aikata ya ja maka jan bik.

Tsakani da Allah, ana cin abinci da wannan aikin?

Kar ka ɗora tukunya don shi tukuna. Yawancin masu yin sa suna yi ne a kan wani aikin, malanta, surbeyan, aiki da cibiyar horo, ko purojen da ke kula da matasa. Amma ranar da irin wannan dama ta fito, wanda ya ajiye kayen sana'o'i da zanen hanyoyi da rahoton ranar sana'o'i a kan tebur ba ɗaya yake da wanda ya zo da diplom kaɗai ba. Kuma don Allah kar ka karɓi ko dala a hannun yaro da sunan za ka samo mishi gurbi.

Ta yaya zan san ko shawarar da na bayar ta yi amfani?

Sai ka bi sawu. Duk wanda ka zauna da shi ka rubuta ranar da abin da kuka tsayar, amma ba da sunansa ba, ka ba shi lamba, sunayen su zauna a wata takarda daban da ke cikin akwatinka a kulle, don abin da yaro ya gaya maka na gidansu amana ce, ko darakta ba shi da hakkin karantawa. Bayan wata shida ka neme shi. Lambar waya rabi za ka tarar ba ta shiga, don haka tun farko ka tambayi fadar da yake zama da sunan unguwa. Tambaya biyu ta isa: kana ina yanzu, kuma me ka so a ce na gaya maka da ban gaya maka ba? Amsar ta biyun nake rubutawa da jan bik a bayan kaye, nawa ya kusa cika, ranar kasuwa zan sayi wani.